Kabarin da ba ya kan taswira: gadon Turawa da har yau ke bin manyan ayyuka a Nijar

A ƙarshen watan Nuwamban 2020 aka kai gawar tsohon shugaban ƙasa Tandja Mamadou mahaifarsa Maine-Soroa, a jihar Diffa, aka yi mata sutura. Kabarinsa sananne ne, babu injiniyan da zai ja layin hanya ta kansa. Shi ne kuwa ya aza harsashin madatsar ruwa ta Kandadji a jihar Tillaberi a watan Agustan 2008, aikin da zai tashi dubun dubatar mutane daga gaɓar kogin Kwara. Ana ƙidaya gidajensu da gonakinsu domin diyya. Iyayensu da ke kwance a ƙasa fa?

Tambayar ta girmi madatsar. Lokacin da Faransa ta kafa mulkinta, ta zo da ƙa'idar da ke cewa duk filin da ba a amfani da shi kuma ba shi da mai shi na hukuma ne. A 1930 ta ƙara da dokar karɓe fili domin amfanin jama'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Kwamanda ne mai yanke hukunci, takarda ce shaida. To amma kabarin Bahaushe ko Babarbare ba shi da takarda, ba shi da dutse mai suna. Tudun ƙasa ne, da 'yan itatuwa ko fasasshiyar tukunya, sai ƙaya da aka jibga don kare shi daga kura. Bayan damina biyar ya shafe. Mai awo ya zo ya ga fili, dattijon gari kuwa ya san wane ne ke kwance a gindin kowace aduwa.

Ba wai Turawan ba su san darajar kabari ba ne. A Maijirgi, kusa da Tasawa, har yau ana nuna kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin nan biyu da suka ƙona garuruwa a 1899 kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su a watan Yulin shekarar. An gina musu alama. Ana ma ba da labarin cewa a 1923 wani jami'in mulki, Robert Delavignette, ya sa an tone su ya tarar babu komai a ciki. Mutanen da ayarin ya karkashe a Birnin Konni kuwa, babu wanda ya rubuta sunayensu.

Inda rikici ya fito fili ƙarara shi ne Tunis, ita ma a hannun Faransa. A 1911 hukumar birnin ta nemi yi wa filin maƙabartar Jellaz rajista da sunanta, alhali mutane na kallon wurin a matsayin wakafi. Jita-jita ta bazu cewa za a ratsa layin tarago ta cikin kaburbura. Ranar 7 ga Nuwamba, ranar da aka sa za a yi awo, jama'a suka yi dafifi a ƙofar maƙabartar. Hukuma ta riga ta janye buƙatar, amma babu wanda ya yarda da ita. Aka yi arangama da sojoji, mutane da dama suka mutu, daga baya aka fille kan biyu daga cikin waɗanda aka kama, aka kuma ƙaƙaba dokar ta-ɓaci da ta ɗauki kusan shekara goma.

Abin lura, addini bai hana matsar da mamaci kwata-kwata ba. Malaman Malikiyya sun halatta idan akwai maslaha, kamar tsoron ruwa ya cinye kabarin, da sharaɗin kada a keta alfarmar gawar. Muwaɗɗa ta kawo labarin shahidan Uhudu biyu da ambaliya ta tone kabarinsu bayan shekara 46, aka sauya musu wuri. Abin da ya tunzura mutanen Tunis shi ne a yanke shawara a ofis ba tare da an tambaye su ba.

Bayan 'yanci Nijar ta yi tata dokar karɓar fili a 1961, ta yi mata kwaskwarima a 2008, kuma masu ba da bashi irin su Bankin Duniya yanzu suna sharɗanta a kula da kaburbura kafin a fara aiki. Sai dai ana kula da abin da aka gano ne kawai, ganowar kuma tana buƙatar mai nunawa.

A nan ne kwarin Komadugu yake da tasa damuwar. Tun hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015 a Diffa da Bosso, ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, mutanensu suka koma zama a gefen babbar hanyar RN1. Ambaliya ta kori wasu. Maƙabartunsu na can babu mai gewayawa, dattawan da suka san iyakokinsu suna ta rasuwa a sansani, samarin kuma suna Yamai, Maiduguri ko Libiya. Ranar da zaman lafiya ya dawo aka zo shata sabuwar hanya ko fadamar shinkafa, mai awo zai tsaya da na'urarsa ya tambayi bulama inda kaburbura suke, bulaman kuwa wataƙila yana ɗan shekara goma aka gudo da shi.