Ido Kafin Hannu: Koyar da Zane a Makarantun Kebbi

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka zane baiwa ce, wanda Allah bai ba shi ba sai ya haƙura. Amma malaman zane sun san cewa abin da ke kayar da yaro shi ne rashin lura. Ka ajiye ƙwarya a kan tebur ka ce 'yan aji su zana, yawancinsu za su yi wa bakinta cikakkiyar da'ira, alhali daga inda suke zaune bakin ya yi shigen ƙwai. Abin da suka sani suka zana, suka bar abin da ke gabansu.

Saboda haka darasin farko na ido ne. Malami ya sa yara su yi shiru suna duban abin kafin kowa ya taɓa fensir. Ina ya fi faɗi? Ta ina haske ke zuwa, ina inuwa ta kwanta? Sai awo: ɗalibi ya miƙe hannu sarai, ya rufe ido ɗaya, ya gwada tsawon abin da fensir da babban yatsa, ya ga sau nawa faɗin ke shiga cikin tsawon. Daga nan ya bi gefen abin da ido a hankali, hannu na biye, ba tare da yawan leƙa takarda ba. Inuwa ce ƙarshe, ita ke fito da kauri da zurfi. In malami ya zo gyara, kada ya karɓe fensir, ya ce, "Sake dubawa."

Abin zanawa kuwa bai yi mana wuya ba. Gorar masunta tana koyar da lanƙwasa, homa tana koyar da ramukan da ke tsakanin zare, zangarniyar shinkafa tana koyar da haƙuri. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, cike yake da kwale-kwale da kayan su a bakin Matan Fada. Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da ta koma gidan tarihi a 1958, yana da takubba da masu da tambura. Iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai ma hankalinsu zai kwanta, domin waɗannan kaya sun isa a koyi komai. In kuɗi ne matsala, gawayi da takardar buhun siminti sun wadatar.

Amfanin bai tsaya a ajin zane ba. A jarrabawar WAEC da NECO, ɗalibin kimiyyar halittu sai ya zana abin da aka ajiye masa, ya sa wa sassansa suna. Mai son karatun tsara gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da tela, da kafinta, duk da idon nan suke cin abinci.

Kira ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da sauran masu horar da malamai: a koya wa malaman gobe wannan hanya. Shugabannin makarantu kuma su daina mayar da lokacin zane na shara ko kwafar hoto daga allo. A ajiye wa yara abu a gabansu, a ba su lokaci su duba.