A Yi Wa Itace Gado

A ƙasar Daura ba mai zuba hatsinsa a ƙasa. Bisa duwatsu ake ɗora rumbu, don kada danshi da gara su shiga. To, don me ake yasar da itacen wuta a tsakar gida? Shi ma dukiya ne. Tun farin 1973 da na 1984 daji ya ja baya. A ƙauyukan Zango da Baure da Mai'aduwa, mata da yara sukan yi nisa kafin su haɗa dami guda. Waɗansu kuwa sai sun saya.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In an sa shi a murhu, sai wuta ta kori ruwan tukuna. Hayaƙi ya turnuƙe, uwargida tana hawaye, goyonta yana tari, tuwo kuwa shiru. Busasshen ma, in ya kwana a ƙasa da damina, sai ya jiƙe. Gara ta ci, kunama ta sami ɗaki.

Maganin wannan a yi masa gado. Maigida, nemi gwafa 4 masu ƙwari. Kirya ta fi, don gara ba ta cika cinta ba, amma yanzu ta yi wuya. Reshen darbejiya ma ya isa. Babbake gindinsu kaɗan. Haƙa rami 4, zurfin kamu 1, ka zuba toka, ka kafa su, ka daddanne. Tsawon gadon kamu 4, faɗinsa kamu 2, tashinsa daga ƙasa kamu 1. Gitta manyan sanduna 2 a bakin gwafannin, ka jera ƙanana a kansu, ka ɗaure da igiyar kaba. Wanda bai sami gwafa ba ya sa duwatsu irin na rumbu.

A faskara manyan guma-gumai kafin a ɗora. Kada a cushe su, a bar wa iska hanya. Da rani a bar gadon a buɗe, rana ta yi aikinta. Busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa yakan tsage, in ka buga biyu sai ka ji ƙwal.

In damina ta ƙarato, rufe saman da tsohuwar zana, ka danne da dutse. Kāre gefen gabas kuma, don ta nan hadari yake zuwa. Sauran gefe a bar su haka.

Kada a kafa gadon jikin danga ko kusa da murhu. Da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida. A ba shi kamar taki 10.