Gasaya da Danginta: Yadda Ake Rarrabe Tsirrai Masu Kama da Juna



Wataƙila wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da ciyayi. Abin da ya haɗa mu shi ne suna. Duk tsiron da Bahaushe ya raɗa wa suna, to, ya daɗe yana lura da shi, ya san na ci, ya san na magani, ya san wanda ake kore dabba daga gare shi. Manufar wannan lacca ita ce mu ɗauki zuriya guda ta tsirrai, wadda ake samun 'ya'yanta a jujin bayan gida da fadamu da dajin Jega da Aliero da Maiyama, mu ga yadda ake rarrabe su, da kuma inda suna yake taimako da inda yake ruɗarwa.

Asalin zuriyar

Masana ilimin tsirrai suna kiran wannan zuriya da sunan mastad, watau tsiron nan mai ƙananan ƙwayoyi da Larabawa ke kira hardal. Shi dai mastad baƙo ne a ƙasar Hausa, har ma da marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya zo kan kalmar a tarjamarsa ta Alƙur'ani, sai ya fassara ta da komayya, ciyawar da Bahaushe ya sani da ƙanƙantar ƙwaya. Amma danginsa suna nan tare da mu, a gidaje uku. Gida na farko shi ne na mastad kansa, inda kabeji da lansir suke. Na biyu gidan gasaya. Na uku gidan anza da bagayi da haujeri. A 1998 masana suka haɗe su duka a gandu ɗaya, bayan binciken ƙwayoyin halittarsu ya nuna kusancinsu, sa'an nan a 2009 aka sake raba gandun uku. Zogale da gwanda kuwa dangi ne na nesa.

Alamar da ta game su ita ce yaji. In ka murza ganyen gasaya, ko ka tauna lansir ko ƙwayar gwanda, za ka ji wani yaji mai hawa hanci. Sinadari ne da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari, ba ya kuwa tashi sai an raunata ganyen.

Abubuwa huɗu da ake dubawa

Mai son rarrabe tsirrai ya dubi abu huɗu: ganye, da kunnuwan fure, da zarurrukan da ke tsakiyar fure masu ɗauke da garin barbara, da kwanson 'ya'ya. Ganye shi kaɗai yakan yaudari mutum, domin ƙasa da ruwa suna sauya girmansa. Fure da kwanso su ne shaidun da ba su cika sauya magana ba.

Mu fara da lansir, wanda ake shukawa a lambu da hunturu, tun da shi ne ma'auninmu. Furensa fari ne ƙarami, kunnuwansa huɗu, biyu sun gitta biyu. Zarurrukansa shida, huɗu dogaye, biyu gajeru. Kwansonsa ɗan fale-fale ne, da shamaki a tsaka wanda ya raba shi ɗaki biyu, kowane ɗaki da ƙwaya guda ja, wadda ake kira algarif. In aka bar kabeji ya yi fure za a ga wannan tsari, sai dai nasa furen rawaya ne, kwansonsa kuma dogo. Wannan shamaki shi ne tambarin gidan mastad.

Gasaya, wadda a wasu wurare ake kira 'yar unguwa saboda son da take yi wa juji da bakin turke, takan fito da faɗuwar damina. Sunanta na kimiyya Cleome gynandra. Ganyenta ya rabu kamar yatsun hannu, yawanci biyar. Furenta fari ne, kunnuwa huɗu, zarurruka shida dogaye masu launin shunayya, waɗanda suke tsaye a kan wani dogon wuya da ya fito daga tsakiyar furen. Kwansonta siriri ne, shi ma a kan wuya yake, ba shi kuwa da shamaki. Ita ce ake dafawa a yi kwaɗo ko miya.

Tana da 'yar'uwa ta jini, Cleome viscosa, wadda ake ce wa namijin 'yar unguwa. Kafin su yi fure ba kowa ke raba su ba, don ita ma ganyenta yatsu ne, uku zuwa biyar. Amma in ka taɓa ta sai ta manne maka a hannu, ga wari mai ƙarfi. Furenta rawaya ne, zarurrukansa sun fi shida nesa, kwansonta kuma yana tsaye yana kallon sama, ba shi da wancan wuya.

Inda suna yake ruɗarwa

A nan ne aikin mai nazarin harshe ya shigo. In Bahaushe ya ce wa tsiro namijin abu kaza, ba maganar barbara yake yi ba. Nufinsa shi ne tsiron ya yi kama da wancan, amma ya fi shi kaushi ko ɗaci, ko kuwa bai kai shi amfani ba. Haka aka sami namijin goro da namijin kaɗanya. To, tun da gasaya ita ce 'yar unguwa, sai mutum ya zaci namijin gasaya shi ne namijin 'yar unguwa. Ba haka ba ne. Tsiron da aka fi sani da namijin gasaya ɗan'uwan alayyafo ne, Amaranthus spinosus. Ganyensa guda ne, bai rabu yatsu ba, yana da ƙaya biyu a gindin ganye, furanninsa ƙanana ne kore a cunkushe kamar zangarniya, ba su da kunnuwa ko kaɗan. Maƙwabtaka a juji ce ta haɗa su, ba jini ba.

Wannan matsala ce ta sa Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya tsayar da tsarin ba kowane tsiro suna biyu na Latin a 1753. Ita ce kuma ta sa likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, inda ya jera kowane suna da takwaransa na kimiyya. Har yanzu masu bincike suna komawa gare shi.

Na daji

Gida na uku itatuwa ne da sarƙaƙiya. Anza, Boscia senegalensis, gajeren itace ne mai ganye kauri wanda ba ya kaɗewa da rani. Furenta ba shi da kunnuwa, 'ya'yanta dunƙule suke, sukan yi rawaya in sun nuna. Ƙwayarta tana da ɗaci mai cutarwa, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa. Ita ta riƙe mutane da yawa a yunwar da aka yi a Jamhuriyar Nijar a 2005. Bagayi kuwa ganyensa ƙanana ne, toka-toka, kamar an barbaɗa musu gari. Haujeri yana hawa wasu itatuwa, yana da ƙaya biyu-biyu masu lanƙwasa kamar ƙugiya, furensa cike da zarurruka. Wani irinsa, Capparis tomentosa, guba ne ga raƙuma da awaki. Makiyayin da ya san ƙayar nan ya tsare dukiyarsa.

Kammalawa

Wannan ilimi a hannun tsofaffi mata da makiyaya da masu magani yake, kullum kuwa raguwa suke yi. Fari ya auka wa ƙasar nan a 1973 da 1984, ba kuwa wanda ya ce ba zai komo ba. Ranar da rumbu ya ƙare, sanin abin da ake ci a daji da yadda ake sarrafa shi ba ƙaramin jari ba ne.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai, musamman na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da malaman gona da na tsafta masu zaga ƙauyuka: in kun ji sunan tsiro, kada ku rubuta sunan shi kaɗai. Ku tsinko reshe mai fure da kwanso, ku busar da shi tsakanin takardu, ku rubuta garin da ranar da abin da ake yi da shi. Ku tambayi sunansa a kasuwar Jega, ku sake tambaya a Maiyama, domin ba lalle ne ya zama ɗaya ba. Da haka ne na baya za su san abin da kowane suna yake nufi.