Tai Chi: Kokawar Sinawa a Hankali

Duk wanda ya kalli kokawa bayan kaka a karkarar Dutse ya san ƙafa ce ke riƙe ɗan kokawa. A kan wannan aka gina tai chi, wanda ya samo asali a ƙauyen Chenjiagou na ƙasar Sin a ƙarni na 17. Mutum yakan ɗan lanƙwasa gwiwa, ya miƙe baya, ya saki kafaɗa, yana mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan sannu a hankali. In an ture shi sai ya goce, mai turin ya wuce da ƙarfinsa. Kare kai da tai chi dai sai an daɗe ana gwaji da abokin horo. Amfaninsa na kusa shi ne rage wa tsofaffi yawan faɗuwa.