Ma'aunin Zafin Iska a Jirgin Sama Ƙirar Gida

Zancen kimiyya na yau a kan wani ɗan ƙarfe ne wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma wurin da aka kafa shi a jikin jirgin sama yana iya zama dalilin sauka lafiya ko kuwa akasin haka.

A Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe akwai mutanen da ke ƙera ƙananan jiragen sama da hannunsu, a gareji ko a rumfar bayan gida, su yi shekara da shekaru suna buga kusoshi. A 1953 wani matuƙi mai suna Paul Poberezny ya kafa musu ƙungiya a Milwaukee, wadda ake kira EAA, tun 1970 kuwa a garin Oshkosh take yin taronta na shekara-shekara. Da yawansu sassa suke saye su haɗa, kamar na kamfanin Van's Aircraft, wanda jiragensa fiye da 10,000 suka riga suka tashi. Dokar Amurka ta ce sai mai jirgi ya yi fiye da rabin aikin da kansa. Saboda haka shi zai yanke shawarar inda kowane abu zai zauna, har da ma'aunin zafin iskar waje.

To, me matuƙi zai yi da sanin zafin iska? Na farko, iska in ta yi zafi sai ta buɗe, ta rage kauri, fiffike da farfela su rasa abin kamawa sosai, inji kuma ƙarfinsa ya ragu. Masana sun ajiye wani mizani: digiri 15 na Santigired a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Kowane digiri ɗaya da zafi ya ɗara mizanin nan, jirgi zai ji kamar an ƙara masa tudu na kusan ƙafa 120. Ga misali. Filin da ke kan tudun ƙafa 5,000, mizaninsa digiri 5 ne. In rana ta take har zafi ya kai 35, an ɗara da 30 ke nan, watau jirgin zai tashi kamar daga tudun ƙafa 8,600. Gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga zai ƙaru ƙwarai, mai yiwuwa fili ya ƙare bai tashi ba.

Na biyu kuwa ƙanƙara ce. In jirgi ya shiga gajimare alhali sanyi ya kai sifiri ko ya gota ƙasa, ɗigon ruwan da ke ciki yakan daskare a gaban fiffike, ya ɓata siffarsa, ya ƙara masa nauyi. Yawancin jiragen gida ba su da abin narkar da ita. Na uku, da zafin iska ne na'urar da ke gaban matuƙi take lissafa ainihin gudun jirgi, daga nan ta fitar da ƙarfin iskar da ke kaɗawa.

Shi ma'aunin ba shi da wuyar fahimta. Ɗan bututu ne, a bakinsa akwai wani abu da ke sake yadda lantarki ke ratsa shi gwargwadon zafi ko sanyi, sa'an nan waya ta kai labari gaban matuƙi. Sai dai fa ba ya faɗin zafin sararin sama, zafin wurin da aka sa shi kaɗai ya sani. Wanda ya rataye ma'auni a bakin maƙera ba zai ce ya auna zafin gari ba.

Abu uku ke ruɗinsa. Babbansu inji. Iskar da ta sanyaya inji takan fito da zafi ta ƙasan murfinsa, ta haɗu da hayaƙin salansa, farfela kuwa ta murɗa su duka, ta shafe gangar jikin jirgi da su. Maƙera da yawa sukan sa ma'aunin a 'yar kafar da ke shigo da iska ɗakin matuƙi, a gefen jirgi bayan inji, domin nan ne waya ba ta da nisa. Bayan an tashi sai su tarar yana ƙara 'yan digiri a kan gaskiya. Na biyu rana, gama ƙarfen da ta buga ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Shi ya sa masu duban yanayi ke ajiye nasu ma'aunin a farin akwati mai kafofi. Na uku gudun jirgin kansa. Iskar da ta yi karo da bututun takan matsu, ta ɗan yi ɗumi: a gudun mil 170 cikin awa ƙarin ya kusa digiri 3, a manyan jiragen fasinja kuwa yakan wuce 25. Wannan ba ya kawuwa da sake wuri, amma da yake an san lissafinsa, ana iya cire shi.

Abin lura a nan shi ne, duk ukun nan ƙari suke yi, ba ragi ba. A lokacin tashi, ƙarin ba ya cutarwa sosai, iyakarsa ya sa matuƙi ya ƙara hattara. Amma a cikin gajimare, ma'aunin da ya ƙara digiri 5 zai nuna 3 sama da sifiri alhali 2 ne ƙasa da shi. Matuƙi yana zaune hankali kwance, ƙanƙara kuwa tana taruwa.

Don haka gwanayen aikin suka fi son ƙarƙashin fiffike, can nesa da inda iskar farfela ke bi. Nan akwai inuwa, ba hayaƙi, iska kuma sabuwa ce. Sau da yawa a kan ɗan faifan da ake cirewa don duba cikin fiffike ake huda rami, ko kusa da shi, a ɗaure bututun da noti, bakinsa ya leƙo waje. Ba a taɓa ƙashin fiffike, wanda ke ɗauke da nauyin jirgi. Mai dabara yakan ja wayar tun bai rufe fiffiken ba, ya ɗaure ta kada ta goga da sandunan sarrafa jirgi, ya kuma sa mahaɗi a gindin fiffike saboda ranar da za a cire shi.

Saura gwaji. Kafin a kafa shi, a tsoma bakinsa cikin ruwan da aka cika da ƙanƙara, ya kamata ya nuna sifiri. Bayan an kafa, a gwada shi da na filin jirgi da sassafe, kafin kwalta ta ɗauki zafi. Sa'an nan a ta da inji a zuba ido: in awo ya yi tsalle, to zafin inji na isa gare shi, sai a sake masa wuri.

Aikin nan duka bai fi na yini guda ba cikin aikin shekaru, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.