Kafin ka kafa kyamara a ƙofar gidanka

Duk wanda ya je sayen kyamarar tsaro, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne kyawun hoto a kan allo. Ni kuwa tambayar da nake so ka fara yi masa ita ce: in an ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare fa? A lokacin ne ɓarawo ke haura katanga, a lokacin ne kuma kyamarorin gidaje da yawa suke mace. Abin yana ci mini rai, ka ga magidanci ya kashe kuɗi masu yawa, ranar da buƙata ta taso a buɗe na'ura a tarar babu komai.

Saboda haka lissafinka ya fara daga wuta. Kyamara ɗaya ba ta cika wuce wat 10 ba, ko da fitilunta na dare suna kunne, kuma guda huɗu tare da na'urar naɗar bidiyo da wuya su haura wat 60. Ƙaramar inbata da batir mai kyau za su riƙe su har gari ya waye, in ka haɗa da sola kuwa ka huta. Sai dai ka ware musu layinsu. Kada ka bari su yi tarayya da firji ko dutsen guga.

Kyamarori masu kebul iri biyu ne. Akwai tsohon tsari, wanda kowace kyamara ke haɗe da na'urar naɗar bidiyo, wato DVR, ta kebul irin na eriyar talabijin, a kuma ja mata wayar wuta ta bolt 12 daban. Ya fi araha, kuma ya isa gida mai ƙofa ɗaya da tsakar gida. Akwai kuma na IP mai aiki da na'urar naɗa da ake kira NVR, inda kebul ɗaya na intanet, Cat6, ke ɗauko hoto ya kuma kai wuta, abin da masu aikin ke kira PoE. Iyakarsa mita 100. Hikvision da Dahua, dukkansu kamfanonin birnin Hangzhou na ƙasar Sin, su ne suka fi yawa a kasuwanninmu, kuma kowannensu yana yin iri biyun.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen kebul. Akwai wanda cikinsa alminiyam ne, an yi masa rufin jan ƙarfe a sama kawai. Da ido ba ka rabe shi da na gaske. Ka sa a yanko maka guntu, ka kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Irinsa yana karyewa da wuri, wuta na raguwa a cikinsa in hanya ta yi nisa, sai ka ga kyamarar da ke aiki lafiya da rana ta fara ɗaukewa da zarar fitilun dare sun kama. Ko mai kyaun ma kada a bar shi a fili. A zura shi cikin bututun roba, domin zafin ranar Afrilu yana busar da fatarsa, ɓera na ci, ga kuma mai almakashi. Mahaɗar kebul da kyamara a rufe ta cikin akwati, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta sa mata tsatsa. A jikin kwalin kyamarar ka nemi IP66 ko IP67, alamar ƙura ba ta shiga kuma ruwan sama ba ya yi mata illa.

Wajen kafawa, mutanenmu suna son a ɗora ta can ƙololuwar bene don kada a taɓa. Daga can hula kawai za ka gani. Kamar mita uku daga ƙasa ya isa: hannu ba ya kaiwa, fuska kuma tana fitowa. Kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, rana za ta wanke hoton. Kafin mai aikin ya sauke tsaninsa, ka tura yaro ya tsaya a bakin get bayan isha'i, ka duba allo. In ba ka gane shi ba, baƙo ma ba za ka gane shi ba. Da hunturu kuma a riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi, a share saƙar gizo, don da dare zare ɗaya a gaban fitilun kyamarar yakan rufe rabin hoton.

Na'urar naɗar kanta kada a ajiye ta a falo ƙarƙashin talabijin, inda wanda ya shigo zai sungume ta tare da shaidar. A ɓoye ta a wuri mai iska. A sa mata faifan ajiya da aka ƙera don aikin dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk. Terabait ɗaya yakan riƙe kamar kwana goma na kyamara huɗu kafin sabon bidiyo ya hau kan tsoho.

Akwai wani batu da nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi. Gidajenmu tsakar gidansu a buɗe take, nan mata ke girki da wanki ba mayafi. Kyamarar da aka ɗora a bene tana iya leƙa gidan maƙwabci ba tare da ka yi niyya ba, kuma wannan cin haƙƙi ne. Ka karkatar da ita, ko a toshe wannan ɓangaren daga cikin na'urar, domin yawancinsu suna da wannan tsarin. Zai yi kyau ma ka kira maƙwabcin ya ga allon da idonsa.

Sirrin naka gidan kuma yana ga kalmar sirri. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin DVR a faɗin duniya, saboda masu su ba su canza kalmar da kamfani ya sa ba. In za ka riƙa kallon gidanka ta wayar salula, ka canza kalmar da hannunka bayan mai aikin ya tafi, sannan ka duba ko asusun da aka ɗaure na'urar da shi naka ne ba nasa ba.