Dalilin da Wasan Jita Ba Ya Ɗorewa a Waɗansu Birane

Mai nazarin kalmomin kiɗa zai lura cewa Bahaushe ba ya sayen kiɗa, kyauta ya ke yi wa makaɗi. Nan ne tushen al'amarin. Kowane abin kiɗa da iyayen gidansa: tambari na sarakuna, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. Jita kuwa baƙuwa ce, ta zo ba ubangida. Wasanta yana bukatar ɗakin taro, da lantarki, da jama'a masu biyan kuɗin shiga kowane mako. In aka rasa ɗaya, wasa ya mutu.

A dubi Agadas. Can Abzinawa suka shigar da jita cikin bukukuwan aure, watau suka sama mata ubangida, saboda haka ta zauna. Amma tawayen 2007 ya kori baƙi masu yawon buɗe ido, ya kai makaɗi Bombino gudun hijira Burkina Faso, sai 2010 ya komo. Haka nan bikin kiɗan hamada na Mali, wanda aka fara cikin 2001, ya tsaya bayan na Tambutu na 2012, sa'ad da yaƙi ya ci arewacin ƙasar.

Ashe bayan ubangida, jita tana bukatar zaman lafiya.